Jirgin da Ya Daina Yaƙi Bai Daina Ci Ba

Mutumin Gangara na iya girma har ya yi furfura bai taɓa ganin jirgin ruwan da ya wuce kwalekwalen masuntan tafkin Madarunfa ba. Teku na can kudu, tafiyar sama da kilomita 1,000 a mota, kuma abin da muka sani game da ita bai wuce shinkafa da gwanjo da tsofaffin motocin da ake saukewa a Kwatano ko Lome ba. Saboda haka idan aka ce wata jiha a Amurka ta ware dalar Amurka miliyan 35 don gyaran jirgin yaƙin da rabonsa da harbi tun 1945, abin da zai fara zuwa bakin mutum shi ne: wannan ai ƙoshi ne.

Sai dai maganar ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Najeriya, wadda ake zuwa cin kasuwarta a dawo a yini, tana da babban jirgin yaƙi mai suna Aradu da ya haura shekara 40, kuma ko ba daɗe ko ba jima za a yanke shawarar makomarsa. A Damaturu akwai kwalekwalen da ya girmi kowane jirgi da aka sani a Afirka. A gidajen sarautar Maraɗi da Tsibiri da Tasawa akwai kayan yaƙi na kaka da kakanni. Ciwon da ke cin waɗannan duka dangin juna ne, kuma waɗanda suka yi shekara ɗari suna fama da manyan jirage sun riga sun tafka kura-kuran da za mu iya kauce wa ba tare da mun biya ko dala ba. Babban abin da suka koya shi ne, ranar da aka ƙwace jirgi daga hannun masu yanka ƙarfe, ba a gama komai ba. Bashi aka ci, wanda za a riƙa biya duk shekara, kuma ba shi da ranar ƙarewa.

Irin jirgin da ake magana a kansa ba kowane jirgin soja ba ne. Shi ne mafi girman makamin da ƙasa ke iya mallaka a rabin farko na ƙarni na 20. Sulken ƙarfen da ke jikinsa ya kai kaurin ƙafa guda a wasu wurare, igwoginsa kuma suna jefa harsashi mai nauyin sama da rabin tan zuwa nisan kilomita 20. Ingila ce ta buɗe wannan zamani da jirginta Dreadnought a 1906. Jirgin sama ne ya rufe shi a yaƙin duniya na biyu, da aka ga 'yan ƙananan jirage masu ɗauke da bam na iya nutsar da abin da aka yi shekaru ana ƙerawa.

Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tarihinmu kai tsaye. A watan Yunin 1940, da Jamus ta ci Faransa, sabon jirgin Faransawa mai suna Richelieu ya tsere daga Brest tun ba a gama haɗa shi ba, ya zo ya fake a Dakar, hedikwatar mulkin mallakar da Nijar ke ƙarƙashinta. A watan Satumba Turawan Ingila da Janar de Gaulle suka zo karɓar garin. Aka kwana uku ana ɓarin wuta, igwogin Richelieu da na bakin gaɓa suka mayar da su inda suka fito. Da haka Afirka ta Yamma ta Faransawa ta zauna a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har Nuwamban 1942, iyakar da ke tsakaninmu da ƙasar Katsina ta zama iyakar ɓangarori biyu da ba sa ga-maciji. Jirgin da ya yi wannan aiki, a 1968 aka ja shi zuwa Italiya aka yanyanka. Abin da ya rage 'yan bakunan igwa ne, ɗaya na nan kafe a Brest.

Ba Richelieu kaɗai ba. Faransa ba ta ajiye ko ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage ba. Ingila, wadda ta ƙirƙiro zubin, ita ma ba ta bar ko ɗaya ba. Na ƙarshensu, Vanguard, ya tafi wurin 'yan gwangwan a 1960. Labarin da ya fi ban takaici na wani jirgin katako ne, Implacable, wanda ya halarci yaƙin Trafalgar a 1805 a ɓangaren Faransa kafin Ingila ta kama shi. Ya rayu shekara 144 bayan wannan yaƙi. A 1949 Ingila ta ce ba ta da kuɗin gyaransa, ta yi wa Faransa tayi, ita ma ta ce a kai kasuwa. A watan Disamba aka ja shi cikin teku aka dasa masa nakiya, tutocin ƙasashen biyu na kaɗawa a kansa. Ba za a ce waɗannan ƙasashe ba su da kishin tarihinsu ba. Lissafi suka yi, lissafin ya ba su tsoro.

Dalilin tsoron yana cikin halin ƙarfe. Ƙarfe da ruwa da iska idan suka haɗu, tsatsa ce, gishiri kuma ya ƙara mata gudu. Inda ta fi ci shi ne daidai bakin ruwa, wurin da jikin jirgi ke jiƙewa ya bushe, ya sake jiƙewa. Muddin jirgi na aiki ba a cika ganin ɓarnar ba, domin akwai mutum sama da 1,000 a cikinsa, kuma babban aikin sojan ruwa a ranar da babu yaƙi shi ne kankare tsatsa da shafa fenti. Injuna na ɗumama ciki, iska na zagayawa. Duk bayan 'yan shekaru a kai shi kwarmin gyara, a rufe ƙofa, a tsotse ruwan, a duba gindinsa. A jikin gindin nan ana manna dunƙulen tutiya, wadda ruwan gishiri ya fi saurin ci fiye da ƙarfe. Ta cinye a sa wata, ƙarfen ya huta. Ranar da aka mayar da jirgi gidan tarihi, mutum dubun nan sun watse, an kashe injuna, an kulle ƙofofi. Raɓa ta riƙa taruwa a ɗaruruwan ɗakuna da tankunan da ba mai leƙawa. Ruwan sama ya sami tsaga ya gangara can ƙasa ya kwanta. Jirage da yawa ta ciki suke mutuwa, fentin waje na ƙyalli.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a kan jirgin Amurka mai suna Texas, domin kusan duk kuskuren da ake iya yi an yi masa, kuma da kyakkyawar niyya. An sa shi a ruwa a 1912, ya fara aiki a 1914. Tsawonsa kusan mita 175, nauyinsa tan 27,000, da manyan igwogi goma. Ya ga yaƙin duniya na ɗaya, a na biyu kuma ya yi luguden wuta a gaɓar Maroko a 1942, a Normandi a 1944, a Iwo Jima da Okinawa a 1945. Yau shi kaɗai ya rage a duniya cikin tsararsa masu zubin Dreadnought. A 1948 aka miƙa shi ga jihar Texas, aka girke shi a San Jacinto kusa da Houston, aka cika tankunansa da ruwa don ya zauna daram cikin laka. Aka yi biki, aka yi jawabai, aka watse. Hukumar da aka bar wa riƙonsa kuwa, abin da take samu bai kai ko kusa da abin da jirgin ke ci ba.

Da katakon daɓen sama ya ruɓe, ruwan sama ya fara zuba ciki, sai a 1968 aka yi abin da ya fi araha: aka cire katakon aka zuba kankare. Duk wanda ya taɓa ganin an yi wa katangar ƙasa yaɓen siminti ya san ƙarshen labarin. Shekarar farko gini ya yi kyau, maƙwabta su yaba. Daga nan siminti ya yi 'yar tsaga siririya, ruwan damina ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata safiya a tarar fallen simintin ya ɓare ya taho da rabin katangar. Haka kankaren ya yi wa Texas. Ya tsage, ya riƙe ruwa a kan ƙarfen, ya kuma rufe idon masu duba. A ƙarshen 1988, da aka ja jirgin zuwa Galveston don gyara, yana tafe yana shan ruwa, famfuna na aiki ba tsayawa. Aka farfashe kankaren, aka mayar da katako, aka sauya ƙarfe mai yawa, ya koma mazauninsa a 1990. Mutane suka ce an gama.

A 2012 ya ɓule. A 2017 ya sake ɓulewa har ya karkace gefe guda, aka rufe shi ga baƙi na ɗan lokaci. Ya kai matsayin da famfuna ne kawai ke riƙe da shi. Da wuta za ta ɗauke na dogon lokaci, da an wayi gari ya zauna. Sai a 2019 majalisar jihar ta ba da miliyan 35 ɗin nan, daga baya ma aka ƙara wasu miliyoyin. Kafin a motsa shi sai da aka ɗura wa tankunansa wani kumfa mai daskarewa, don ruwa ya rasa wurin zama. Ranar 31 ga Agustan 2022 aka ja shi zuwa Galveston karo na biyu, masu walda suka yanke ruɓaɓɓen ƙarfe suka sa sabo kimanin tan 700, aka mayar da shi ruwa a watan Maris na 2024. Wani abin lura kuma: an yanke shawarar ba zai koma San Jacinto ba, domin masu biyan kuɗin shiga a can ba su kai su ciyar da shi ba.

Mai karatu zai ce, to a fitar da shi daga ruwan mana, a huta. An gwada. Japan na da Mikasa, wanda kamfanin Vickers ya ƙera a Ingila, jirgin da Admiral Togo ya hau ya karya rundunar ruwan Rasha a Tsushima a 1905. Da aka sallame shi, sai aka binne gindinsa cikin kankare a Yokosuka, aka buɗe shi ga jama'a a 1926. Ba zai nutse ba har abada, wannan gaskiya ne, amma abin da ke ƙarƙashin kankaren ba mai iya gani balle ya gyara. Kuma kankare bai kare shi daga mutane ba: bayan 1945 aka kwashe igwoginsa da ginin samansa, aka mayar da shi gidan rawa da wurin kallon kifi, sai a 1961 aka maido masa da kamanninsa, da taimakon tsohon abokin gaba, Admiral Nimitz na Amurka. Ingila kuwa ta sa Victory, jirgin Admiral Nelson na Trafalgar, a busasshen kwarmi a Portsmouth tun 1922. Nan ma wata matsalar ta ɓullo. An ƙera jirgi ne don ruwa ya tallafe shi ta ko'ina. Da aka ɗora nauyinsa a kan 'yan madogarai, sai haƙarƙarinsa suka riƙa buɗewa a hankali, shekara bayan shekara, ƙwaro mai cin katako na nasa aikin ta ciki. Sai da aka sauya madogaran da sandunan ƙarfe 134, kowace da na'urar da ke auna nauyin da ta ɗauka. Ruwa na ci, tudu na ci, kankare na ci. Zaɓin da ake da shi kawai shi ne wane irin ci za a iya sa wa ido.

Katakon da ya daɗe cikin ruwa ko laka kuwa, nasa sha'anin ya sha bamban, kuma a nan ne maganar ta iso gida. Shahararren misali shi ne Vasa na Suwidin, jirgin yaƙi mai igwa 64 da ya kife ranar fitarsa ta farko a 1628, bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba. Ya kwanta a tashar Stockholm shekara 333, aka ciro shi a 1961 kusan cikakke, domin tsutsar da ke cin katakon jirgi ba ta rayuwa a ruwan can mai ƙarancin gishiri. Irin wannan katako a ido lafiyarsa lau, amma ruwa ne ke riƙe da shi. Naman itacen ya zube, ruwa ya cike gurbin. Idan aka bar shi ya sha iska sai ya tsuke, ya murɗe, ya tsattsage, cikin ɗan lokaci ya tashi daga aiki. Saboda haka aka yi shekara 17, daga 1962 zuwa 1979, ana fesa wa Vasa wani sinadari mai kama da kaki da ake kira PEG, wanda ke kutsawa ya maye gurbin ruwan. Aka gina masa gida, aka buɗe a 1990. A 2000 sai ga wasu tabo fari-fari da rawaya sun feso a jikinsa. Ashe farar wutar da katakon ya sha daga ƙazantar tashar ta haɗu da iska da tsatsar ƙusoshin da aka sa bayan ciro shi, ta zama asid, tana cin jirgin ta ciki. Aka koma aka zare dubban ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya aka sa na ƙarfen da ba ya tsatsa, aikin da ya ci daga 2011 zuwa 2018. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan.

Yanzu a dubi namu. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yau, ba nisa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a zurfin kusan mita biyar. Bai sare ya wuce ba, ya kai magana gaba. A 1994 masana daga Jami'ar Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, da takwarorinsu na Jami'ar Maiduguri suka tono wurin. Suka tarar da kwalekwale mai tsawon mita 8.4, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5, an sassaƙe shi daga itace ɗaya dangin maɗaci, goshinsa da bayansa a fiƙe tsaf. Gwajin da aka yi a Jamus ya nuna shekarunsa sun kai 8,000. Ya girmi dalar Fir'aunonin Masar da dubban shekaru, kuma a duniya kaf jiragen da suka girme shi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Laka ce ta rufe shi ta hana iska isa gare shi. Sassaƙar da ke jikinsa ba ta ɗan koyo ba ce, wato tun kafin shi an daɗe ana sassaƙa jirage a wannan yanki, lokacin da tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa, ƙasar da muke kira sahel tana cike da ruwa da kifi.

An kai shi Damaturu, yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya. Ni a ganina, cikin duk abin da muka lissafa, shi ne ya fi cancanta a kashe masa kuɗi, kuma shi ne mafi arha. Texas na buƙatar tan ɗari-ɗari na ƙarfe. Shi wannan ɗaki guda yake so, mai rufin da ba ya ɗiga, da sanyi da laima da ba sa hawa da sauka, da ma'aikaci ƙwararre da ake biya a kan kari. A ƙasar da hunturu ke tsaga leɓe, damina kuma ta sa gishiri narkewa a kwano, wannan daidaiton shi ne dukan aikin. Vasa na karɓar baƙi sama da miliyan ɗaya a shekara. A tambayi ɗaliban sakandare a Maraɗi ko Katsina, a ga nawa ne suka taɓa jin sunan Dufuna.

Akwai kuma tambayar da masu gyara ke sa-in-sa a kanta kullum: nawa za a sauya kafin abin ya daina zama shi? A Vasa, kusan kashi 98 cikin 100 na katakon na asali ne, amma ba mai taka shi sai ma'aikata. A Victory, abin da ya rage daga 1765, shekarar da aka sa shi a ruwa, kaɗan ne ƙwarai, amma yara na hawa suna shiga ɗakin da Nelson ya cika. Ba a samun biyun a lokaci guda. Sannan wace shekara za a maido? Jirgin da ya yi aikin shekara 30 ya sauya kama sau da yawa. Masu Texas sun zaɓi 1945. Masu Victory sun zaɓi 1805, kuma da suka kankare fenti hawa-hawa suka auna, sai suka gano launin da aka saba shafa masa ba shi ne na zamanin Nelson ba. A 2015 suka sauya zuwa wani launi mai haske, jama'a suka yi ta gunaguni cewa an ɓata musu jirgi. Mutane sun fi son abin da suka saba gani a kan abin da ya faru, wannan kuwa ba a Ingila kaɗai ba.

Kuɗin shiga shi kaɗai ba ya riƙe jirgi sai a garin da baƙi ke tururuwa. Faransa ta gwada da Colbert, jirgin yaƙi mai matsakaicin girma, wanda ya zama gidan tarihi a Bordeaux a 1993. Baƙi suka ragu, kuɗin fenti ya gagara, mutanen gari suka ce ya tare musu bakin kogi. A 2007 aka ja shi aka tafi, daga baya aka yanyanka. Shekara 14 ke nan ana jinkirta abin da za a yi tun farko.

Da wannan idon ya kamata a dubi Aradu. Ba ajin su Texas ba ne. Tsawonsa mita 125, nauyinsa bai wuce tan 3,400 ba. Kamfanin Blohm + Voss ya ƙera shi a Hamburg, aka sa shi a ruwa a 1980, ya fara aiki a 1982. Yana da matsayi a tarihin ƙira, domin shi ne na farko a duniya cikin zubin MEKO, inda ake haɗa makamai da na'urori a akwati-akwati yadda za a iya cirewa a sauya. Ya sha wahala: a 1987 kaɗai ya hau tudu sau biyu, ya kuma yi karo. Duk da haka a 2005 ya kai kansa Portsmouth bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, garin da Victory ke zaune. Daga baya ya daɗe a ɗaure a Legas, sai a 2023 rundunar ruwan Najeriya ta sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya a kan yi masa garambawul.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gyara don aiki da gyara don tarihi kishiyoyin juna ne. Mai gyara don aiki burinsa ya cire tsohon inji da tsohuwar na'ura ya sa sababbi, kuma daidai ne, ba a tura soja teku da kayan 1982. Amma abin da ya cire ɗin shi ne tarihin. Idan ba a ce a ware shi, a rubuta masa lamba, a ajiye a sito ba, a kilo zai tafi, ranar da aka tashi mayar da jirgin gidan tarihi a tarar da ƙwarya ba ƙunshi. Wanda Aradu ya gada, jirgin da aka ƙera a Holan a 1965 mai suna Nigeria, wanda ya jagoranci rundunar ruwa a yaƙin basasar Najeriya, an sauya masa suna zuwa Obuma, ya ƙare a matsayin wurin koyarwa a ɗaure bakin gaɓa. Wanda ya samu shiga gidan tarihi ƙaramin cikinsu ne, Bonny, da ke kan tudu a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, tare da motocin sulke da bama-baman da Biyafara ta ƙera da hannunta. Ƙanƙantarsa ce ta cece shi.

Wanda ya ce asibiti ba magani, makaranta ba benci, ana zancen tsohon ƙarfe, bai faɗi ƙarya ba. Mu da muka ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba za mu ce a cire kuɗin hatsi a sayi fenti ba. Shi ya sa nake ganin ƙasa irin namu ba ta da halin yin abin da aka yi wa Texas a 1948, a yi biki a bar wa jikoki bashi. Ko dai a ɗauki jirgi guda a rubuta kuɗin cinsa cikin kasafin kowace shekara, a kuma faɗi ma'aikatar da za ta biya, soja ko hukumar tarihi, ko kuwa a sallame shi da mutunci: a cire igwa ɗaya, da anka, da ƙararrawa, da ɗakin tuƙi, a tattara littattafan aikinsa da zanen ƙirarsa, a zauna da waɗanda suka yi aiki a cikinsa a naɗi muryoyinsu tun suna raye. Wannan na biyun ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne na uku, wanda aka fi yi: a ƙi yanke shawara, a bar jirgi a ɗaure har ya yanke wa kansa.

A nan ƙasarmu abin da muke da shi bai kai nauyin anka ɗaya ta Texas ba, wannan kuwa sa'a ce. Sulke ne, da lifidi, da kwalkwali, da takubba, da tsofaffin bindigogi, da tambura, irin waɗanda ake fitowa da su ranar hawan salla. A bayansu akwai tarihin Katsinawan da suka kafu a Maraɗi zamanin Ɗan Kasawa, da Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da igwogin da Sarki Tanimu ya sa aka ƙera a Damagaram. Ƙarfe na jin daɗin ƙasarmu, wata takwas ba ruwa. Fata da auduga da itace ne ke shan wuya, tsakanin gara da asu da ɓera da ɗigon rufi, wani lokaci kuma ruwa ya zo gaba ɗaya, kamar ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon birnin Maraɗi daga fadama. Sauran ɓarnar ta hannunmu ce. Takobin da ya yi shekara 150 a kai shi wurin mai injin wasa wuƙa ya goge shi har ya cinye rubutun maƙerin, ko a fesa wa kwalkwali fentin azurfa don ya yi kyau a hoto. Ga kuma dillalai masu zagaye ƙauyuka. Abin da aka yi wa kaburburan Bura a yammacin Nijar, inda aka wawashe tukwane da mutum-mutumin ƙasa aka fitar waje bayan binciken da masani Boubé Gado ya fara a 1983, ya isa gargaɗi.

Maganin ba ya buƙatar miliyoyi. Littafi guda a fada ko a ma'aikatar magajin gari, a rubuta kowane kaya da sunan gidan da ke riƙe da shi da abin da dattawa suka sani a kansa, a ɗauki hotonsa da waya. A ɗaga shi daga ƙasa, a nesanta shi da bango, a shafa wa ƙarfe ɗan mai kaɗan da tsumma, a bar masa baƙinsa. Masu haƙa rijiya a fadamun gulbi kuma, wanda ya ci karo da baƙin itace mai alamar sassaƙa a can ƙasa, kada ya fito da shi rana don mutane su gani. Ya mayar masa da jiƙaƙƙiyar ƙasarsa ya rufe, ya gaya wa mai gari, mai gari ya kai wa magajin gari, labari ya isa gidan tarihi na Boubou Hama ko cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, su zo da kayan aikinsu kafin a sake taɓa wurin.